ƘURI'ARMU DA MASU RIƘON AKWATI

Jawabin da aka gabatar a babban taron shekara-shekara na ƙungiya

 



Gabatarwa

Kwamitin shirye-shirye ya ɗora mana nauyin yin magana a kan zaɓe. Mun san akwai wanda zai ce me ya haɗa ƙungiyar ci gaban gari da wannan zance, alhali tsarinmu ya hana mu jingina da kowace jam'iyya. Amsar tana cikin littafin ma'ajinmu. Mu duba abin da muke kashe kuɗin karo-karo a kansa kowace shekara: gyaran rufin ajujuwa, haƙa rijiyar burtsatse, magani a ƙaramin asibiti, katangar maƙabarta, kwalbati a hanyar kasuwa. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya sanya kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu da ƙananan hanyoyi a wuyan ƙaramar hukuma, ya kuma ba ta hannu a ilimin firamare da kiwon lafiya. Ke nan mafi yawan abin da muke yi da guminmu aiki ne da aka riga aka ware wa kuɗi daga asusun tarayya. Idan aikin bai samu ba, wajibi ne mu tambayi yadda masu riƙe da kuɗin suka hau kujerunsu, da kuma wanda suke jin tsoron ɓata wa.

Saboda haka za mu duba abubuwa uku: damar da mutum yake da ita ta kaɗa ƙuri'a, da tabbacin cewa abin da ya kaɗa shi aka ƙirga, da kuma batun wanda ke riƙe da hukumar da ke shirya zaɓen, musamman zaɓen ƙananan hukumomi da ke hannun jihohi.

Waiwaye adon tafiya

Ƙuri'ar da yau wasu ke sayarwa a kan taliya da sabulu ba a kwance aka same ta ba. Lokacin da aka fara zaɓe a ƙasar nan a 1923, ƙarƙashin tsarin mulkin Gwamna Clifford na 1922, kujeru huɗu kacal aka zaɓa, uku a Legas ɗaya a Kalaba, kuma sai namijin da ke samun fam 100 a shekara yake da ikon zaɓe. Arewa ba ta cikin lissafin.

Da zaɓe ya iso mana a 1951, hawa-hawa ya zo. Mutanen ƙauye su zaɓi wakilai, waɗannan su zaɓi na gunduma, a yi ta tacewa har a kai lardi, sannan En'e tana da ikon ƙara nata mutanen a cikin masu zaɓen matakin sama. Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano a 1950, ta yi rawar gani a matakin farko a cikin birnin Kano, amma kafin a kai matakin ƙarshe an tace ta sarai. Tun daga ranar aka gane cewa wanda ya tsara hanyar zaɓe yana iya tsara sakamakonsa ba tare da ya taɓa akwati ba.

A zaɓen tarayya na Disambar 1959 maza kaɗai suka jefa ƙuri'a a Arewa. Dattawanmu suna tuna akwatunan da aka jera, kowace jam'iyya da nata, fartanya ta NPC, tauraro na NEPU. Hajiya Gambo Sawaba ta sha ɗauri sau da yawa a kan neman a ba mata 'yancin zaɓe. Sai a 1976, lokacin gyaran tsarin ƙananan hukumomi, matan Arewa suka samu wannan 'yanci, suka kuma cika layuka a babban zaɓen 1979, wanda a cikinsa ɗan shekara 18 ya samu ikon zaɓe. Akwai iyaye mata a wannan zaure da aka haifa a lokacin da mace ba ta da ƙuri'a a garin nan.

Daga nan muka ga FEDECO a 1979 da 1983. Muka ga zaɓen ƙato bayan ƙato a farkon shekarun 1990, zamanin Farfesa Humphrey Nwosu, inda mutum zai tsaya a layi bayan hoton gwaninsa kowa na kallo. Ya rage cusa takardu a akwati, amma ya tona asirin talaka a gaban mai gidansa. Muka ga an soke zaɓen 12 ga Yunin 1993. A 1998 gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta kafa Hukumar Zaɓe Mai Zaman Kanta ta Ƙasa, wato INEC, wadda ke shirya mana babban zaɓe tun daga 1999.

Damar kaɗa ƙuri'a

A doka, duk ɗan ƙasa da ya kai shekara 18 yana da ikon yin rajista. A aikace, tsakanin mutum da akwati akwai matakai huɗu: ya yi rajista, ya karɓi kati, ya isa rumfarsa a ranar zaɓe, na'ura ta tantance shi. A kowane mataki mutane suna zubewa.

Alƙaluman 2023 sun isa misali. Mutum 93,469,008 ne ke cikin rajista. Kimanin miliyan 87.2 suka karɓi katinsu, wato katuna fiye da miliyan 6 suka kwana a ofisoshin hukuma. A zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu, waɗanda suka kaɗa ƙuri'a ba su cika miliyan 25 ba, kimanin kashi 27 cikin 100. A 2003 an bayyana kashi 69, a 2011 kusan 54, a 2015 kusan 44, a 2019 kusan 35. Gaskiya ne wani ɓangare na raguwar ya samo asali ne daga na'urorin da suka toshe ƙofar aringizo, domin alƙaluman da ba duka ne na mutane masu rai ba. Duk da haka, mutum fiye da miliyan 60 suna riƙe da kati suka zauna a gida. Cikinsu akwai mu, ma'aikata da 'yan kasuwa da 'yan boko mazauna birni, waɗanda suka fi kowa iya sharhi washegarin zaɓe.

Akwai wata matsala da ta shafe mu kai tsaye. A ƙasar nan mutum ba ya zaɓe sai a rumfar da sunansa yake. Da yawanmu mun yi rajista a Legas ko Abuja, amma da zaɓe ya matso sai mu kwashe iyali mu taho gida don gudun fitina. Mu iso gida ba mu da ƙuri'a, can ma mun bar ta. Wasu kuma rajistarsu tana gida, amma ranar zaɓe tana riskarsu a bakin aiki, an kuma hana zirga-zirga. Abin da ya kamata kowa ya sani shi ne, hukumar zaɓe ta jiha ba ta da rajista tata ta kanta. Da rajistar INEC take zaɓen ciyaman da kansila. Don haka wanda sunansa ke Fatakwal ba shi da ta cewa a kan wanda zai zama kansilan mazaɓarmu, ko da shi ya gina rabin makarantar garin.

Doka ta bar ƙofa a buɗe. Dokar Zaɓe ta 2022, kamar ta 2010 da ta gabace ta, ta yarda mutum ya yi rajista a inda yake zaune, ko inda yake aiki, ko inda yake ɗan asali. Wanda ya riga ya yi rajista yana iya neman a mayar da sunansa wata rumfa, kuma tun 2021 ana iya fara wannan nema ta intanet. Abin da aka haramta shi ne rajista sau biyu. A aikin rajistar 2021 zuwa 2022, INEC ta soke rajista fiye da miliyan 2.7, mafi yawa saboda maimaici. Wanda katinsa ya ɓace, sabon kati zai nema. Idan ya sake rajista ya aikata laifi, wahalar kuma ta tashi a banza. Kowannenmu ya zauna ya yanke shawara tun da wuri: ina za a same ni ranar zaɓe? Can ya kamata sunansa ya kasance.

Sai batun nisa da cunkoso. A 2021 INEC ta ƙara rumfunan zaɓe daga kusan 120,000 zuwa 176,846, ta kuma fitar da wasu daga gidajen mutane da fadoji da wuraren ibada zuwa wuraren jama'a. Amma da yawa daga sababbin rumfunan sun kasance da mutane ƙalilan a 2023, tsofaffin kuma maƙil, saboda jama'a ba su nemi a mayar da sunayensu ba. Akwai kuma 'yan'uwanmu da rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu. Tun 2015 aka fara yi wa 'yan gudun hijira tanadin zaɓe a Barno da Yobe da Adamawa. Duk inda mutanenmu suka yi hijira, haƙƙinsu ne a yi musu irin wannan tanadi, kuma sai an tashi an nema ake samu. Haka nan makafi da guragu da tsofaffi da masu juna biyu: Dokar 2022 ta yi umarni a taimaka wa masu buƙata ta musamman, amma umarnin takarda yana bukatar mai tsaya masa a rumfa.

Tsaftar zaɓe

Mu da muka yi aikin koyarwa mun san jarrabawa ba ta da daraja sai an tabbatar da wanda ya zauna, da abin da ya rubuta, da makin da aka shigar masa. Zaɓe ma haka yake.

Zaɓen 2007 ya lalace har marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya amsa a jawabinsa na kama mulki cewa zaɓen da ya kawo shi yana da naƙasu. Ya kafa kwamiti ƙarƙashin marigayi Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais, wanda ya miƙa rahotonsa a Disambar 2008. Bayan haka aka samu gyare-gyare. A zamanin Farfesa Attahiru Jega aka yi sabuwar rajista mai hoto da zanen yatsa a 2011, aka ɗora masu yi wa ƙasa hidima a rumfuna, malaman jami'a kuma a wuraren tattara sakamako. A 2015 aka shigo da katin dindindin da na'urar karanta shi, kuma a shekarar ne shugaba mai ci ya faɗi zaɓe ya amsa kaye. A zamanin Farfesa Mahmood Yakubu aka kawo na'urar BVAS mai tantance yatsa da fuska, da shafin IReV na ɗora hoton takardar sakamako. Dokar 2022 ta ce idan ƙuri'un rumfa suka zarce yawan waɗanda aka tantance, a soke sakamakon rumfar. A da, da yawan masu rajista ake aunawa, wanda ya bar wa masu cusa takardu fili mai faɗi.

Wannan ci gaba ne na gaske. Amma a zaɓen shugaban ƙasa na 2023 ba a ɗora sakamako a IReV a kan lokaci ba, hukumar ta ce tangarɗar na'ura ce, Kotun Ƙoli kuma ta yanke a Oktobar shekarar cewa dokar 2022 ba ta wajabta aika sakamako ta na'ura ba. Darasin shi ne, na'ura tana taimako, amma ba ta maye gurbin idon mutane.

Ya kamata kowane ɗan ƙungiya ya san hanyar da sakamako yake bi. Ana ƙirga ƙuri'u a rumfa a gaban jama'a, a shigar a takarda mai suna EC8A, malamin zaɓe ya sa hannu, wakilan jam'iyyu su sa, a ba su kwafi, a liƙa sakamakon a bango. Daga nan a kai cibiyar mazaɓa, waɗanda suke 8,809 a faɗin ƙasa, sannan ƙaramar hukuma, sannan jiha. A rumfa ido yana da yawa. Tsakanin rumfa da cibiyar tattarawa, cikin dare, bayan jama'a sun watse, nan ne 21 kan iya rikiɗa ta zama 210. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wanda ya jefa ƙuri'a ya tafi gida rabin aiki ya yi. Cikon aikin shi ne a tsaya cikin natsuwa har a ƙirga, a ɗauki hoton abin da aka liƙa, a kwatanta da abin da aka bayyana daga baya.

Da na'ura ta tsananta wa masu satar akwati, sai suka koma sayen mai ƙuri'ar kansa. A nan laifin ya dawo ƙofar gidanmu, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu yi lissafi irin na 'yan aji huɗu. Wanda ya karɓi naira 5,000 a kan wa'adin shekara huɗu, wato kwana 1,461, ya sayar da bakinsa a kan abin da bai kai naira huɗu a rana ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba za mu zagi talakan da yunwa ta kai shi ga karɓa ba. Waɗanda za mu tuhuma su ne masu hali a cikinmu da ke zama dillalan rabon. Haka kuma 'yan bangar siyasa ba daga sama suke faɗowa ba. 'Ya'yan unguwanninmu ne. Rikicin bayan zaɓen 2011 ya ci rayuka fiye da 800 a Arewa, kamar yadda ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta, cikinsu har da matasa masu yi wa ƙasa hidima da suka zo mana aiki. Kada mu bari a manta da wannan.

Hukumar zaɓe ta jiha

Yanzu mun zo kan gaɓar da ta fi taɓa garinmu. Kundin 1999 ya raba aikin zaɓe gida biyu. INEC ce ke zaɓen shugaban ƙasa da gwamnoni da 'yan majalisun tarayya da na jihohi, da kuma ƙananan hukumomi shida na Abuja. Sauran 768 daga cikin 774 suna hannun hukumomin zaɓe na jihohi, waɗanda sashe na 197 ya kafa. Gwamna ne ke naɗa shugaban hukumar da wakilanta, majalisar dokokin jiha ta tabbatar. Tun gyaran kundi na 2010, kuɗin INEC yana fita kai tsaye daga asusun gwamnatin tarayya. Hukumar jiha kuwa sai abin da gwamna ya sakar mata, a ranar da ya ga dama.

Ga abin da wannan tsari ya haifar. Sashe na 7 ya lamunce ƙananan hukumomi zaɓaɓɓu, amma shekaru da yawa jihohi suka yi ta tafiya da kantomomi da kwamitocin riƙo. Wasu gwamnoni suka rusa zaɓaɓɓun majalisu da suka gada, har Kotun Ƙoli ta haramta irin wannan a shari'ar Ekiti a 2016, da shari'o'in Oyo da Katsina a 2021. A ranar 11 ga Yulin 2024 kotun ta yanke babban hukunci: a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, kuma mulkin kantoma ya saɓa wa kundi. Aiwatar da biyan ya gamu da jan ƙafa a watannin da suka biyo baya, amma hukuncin ya sa jihohi suka yi ta rige-rigen shirya zaɓe.

Mu duba sakamakon 2024. A Bauchi, PDP ta cinye kujerun ciyaman 20 duka. A Kaduna, APC ta cinye 23 duka. A Kano, NNPP ta cinye 44 duka. Jam'iyyu uku ne mabambanta, hali ɗaya. Mun kawo su tare ne don kada wani ya ce da jam'iyyarsa muke. A waɗannan jihohi, a babban zaɓen 2023, 'yan adawa sun ci kujerun majalisa da dama. Ina masu zaɓensu suka shige bayan shekara ɗaya? Mu kwatanta da Abuja, inda INEC ta shirya zaɓen Fabrairun 2022: APC ta samu uku, PDP ta samu uku. Ko a Kaduna, da aka gwada na'urar kaɗa ƙuri'a a 2018, jam'iyyar adawa ta samu wasu ƙananan hukumomi. Ashe ba ɗabi'ar mutanenmu ba ce su zuba ƙuri'a a kwando ɗaya.

Illar ba ta tsaya a kan 'yan adawa ba. Ciyaman ɗin da aka ɗauko aka ɗora ya san wanda ya ɗora shi, can zai kai gaisuwa da rahoto. Idan muka je masa da maganar rufin makaranta, alfarma muke roƙo, domin ba mu da abin da za mu iya ƙwace masa. Yanzu kuma da ake batun kuɗi su sauka kai tsaye, wanda ya mallaki zaɓen ciyaman ya mallaki kuɗin ta bayan gida.

Mene ne magani? Ra'ayi ya kasu biyu. Na farko yana cewa a soke hukumomin jihohi a miƙa aikin ga hukumar ƙasa. Kwamitin Uwais ya ba da shawarar a shigar da su cikin tsarin INEC. A Gana ma hukuma ɗaya ce ke shirya kowane zaɓe, har na majalisun gundumomi. Na biyu yana cewa mu tarayya ce, kuma tara dukkan zaɓuka a hannu ɗaya yana da nasa haɗari, tunda shugaban ƙasa ne ke naɗa shugaban INEC da kwamishinoninta da amincewar Majalisar Dattawa. Idan gwamna yana iya murɗe hukumar jiha, me zai hana mai ƙarfin Abuja ya murɗe ƙananan hukumomi 774 a rana ɗaya? A Indiya, jihohi suna da hukumominsu na zaɓen ƙananan majalisu tun gyaran kundi na 1992, ban da babbar hukumar ƙasa.

Amurka tana da darasi ga ɓangarorin biyu. Kundinta ya bar wa jihohi tsara lokaci da wuri da yanayin zaɓe, tare da ba majalisar tarayya ikon gyarawa. Da wannan iko jihohin kudu suka shafe shekaru masu yawa suna hana baƙaƙen fata zaɓe ta hanyar harajin ƙuri'a da jarrabawar karatu, duk da gyaran kundi na 1870 da ya haramta wariyar launi a zaɓe. Sai da tarayya ta sa baki da dokar 'yancin zaɓe ta 1965, zamanin Shugaba Lyndon Johnson, kafin ƙofar ta buɗe. A 2013 Kotun Ƙolinsu ta rushe wani ginshiƙi na dokar, muhawarar ta dawo sabuwa. A gefe guda kuma, saboda zaɓen yana warwatse a hannun jihohi da gundumomi, shugaban ƙasa ba shi da hukuma ɗaya da zai ba umarni ta juya sakamako. Abin da muka fahimta shi ne ikon jiha yana bukatar ƙa'idar ƙasa a kansa, ikon tarayya kuma yana bukatar birki.

Matsayinmu shi ne, sunan hukumar bai kai sharuɗɗanta muhimmanci ba. Ba a ba kura ajiyar nama, ko ta jiha ce ko ta tarayya. Malami ba ya duba takardar ɗansa, ɗan takara ma bai kamata ya zaɓi alƙalin gasarsa shi kaɗai ba. Duk hukumar da za ta shirya mana zaɓen ƙaramar hukuma, muna neman a fitar da naɗin shugabanninta daga hannun mutum ɗaya, a tallata gurbin, wani kwamiti mai zaman kansa ya tace, majalisa ta tabbatar. Muna neman kuɗinta ya fita kai tsaye, a kuma kafa wa'adin majalisun da ranar zaɓensu a cikin kundi, yadda ba mai ɗagawa. Muna neman a yi aiki da na'urar tantancewa, a ƙirga a rumfa, a liƙa sakamako rumfa-rumfa, a rage kuɗin takardar takara yadda malamin firamare zai iya neman kansila. Idan jihohi suka amince da waɗannan, su riƙe hukumominsu. Idan suka ƙi, hujjar masu cewa a karɓe ta tsaya.

Mu sani gyaran kundi yana bukatar kashi biyu cikin uku na Majalisar Tarayya da amincewar majalisun jihohi 24. A gyaran da aka kammala a 2023, ƙudurin 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi bai samu wannan adadi ba. Ke nan ɗan majalisar jiha da muke rainawa shi ne ke riƙe da mabuɗin.

Abin da ya rage gare mu

Muna ba ƙungiya waɗannan shawarwari:

1. Kowane reshe ya buɗe littafin da zai nuna wa ke da kati, kuma a ina rumfarsa take, ba tare da tambayar jam'iyyar kowa ba. Wanda ke son mayar da sunansa gida, matasanmu masu ilimin kwamfuta su taimaka masa.

2. Duk lokacin da aka buɗe rajista ko rabon kati, ƙungiya ta ɗauki nauyin mota zuwa ƙauyukan nesa, a fara da mata da tsofaffi da waɗanda suka cika shekara 18.

3. Idan aka kafe rajista don gyara, dagatai da masu unguwanni da limamai su taimaka a duba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo; mu muka san wanda ya rasu da wanda bai kai shekaru ba. Kada mu rufa wa rajistar yara asiri don muna ganin garinmu zai ƙaru da ita.

4. A horar da matasa a kan yadda ake ƙirga da cika takardar sakamako, a kuma nemi izinin sa ido ta hanyar da doka ta tanada, a babban zaɓe da na ƙaramar hukuma.

5. Kafin kowane zaɓe a gayyaci dukkan 'yan takarar ciyaman da kansila da majalisar jiha zuwa wannan zaure, su faɗi abin da za su yi, a rubuta, a buga a mujallar nan. A tambayi mai neman majalisar jiha matsayinsa a kan gyaran hukumar zaɓe ta jiha, a gaban jama'a.

6. A rubuta wa wakilanmu na jiha da na tarayya takarda ɗauke da sharuɗɗan da muka ambata, da sa hannun dukkan rassa.

7. Duk ɗan ƙungiya da aka tabbatar yana rabon kuɗin ƙuri'a ko ɗaukar nauyin 'yan banga, kada ya riƙe muƙami a cikinmu.

Kammalawa

'Yan'uwa, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Za mu ci gaba da karo-karo, domin yaron da ke zaune a ƙasa ba zai jira gyaran kundi ba. Amma mu haɗa da neman haƙƙinmu ta hanyar da doka ta ba mu, tun kafin babban zaɓe mai zuwa ya ƙwanƙwasa ƙofa. Iyayenmu sun sha ɗauri kafin wannan ƙuri'a ta zo hannunmu, za a kuma tambaye mu yadda muka yi da ita.

 Allah ya ba mu shugabanni masu tsoronsa, ya zaunar da garinmu da ƙasarmu lafiya, ya mayar da kowa gidansa cikin aminci.